Amsa kan David Ojabo: yadda jami'ar Michigan ta ɗauke shi bayan kaka ɗaya da fara wasa, da abin da tsinkewar agara ta ja masa

Malam, tambayarka guda biyu ce a haɗe. Ka ce ka ji labarin David Ojabo, yaron da aka haifa a Fatakwal, wai bai taɓa buga ƙwallon Amurka ba sai da ya kai shekara 17 amma manyan jami'o'i suka yi ta rububinsa, daga baya kuma rauni ɗaya ya sa ya faɗo ƙasa a zaɓen 'yan wasa na NFL, wato babbar gasar ƙwararru ta wasan inda ƙungiyoyi ke ɗaukar sababbin 'yan wasa bi da bi zagaye bayan zagaye, kana so ka san ya akai haka, sannan ko ƙaninka ɗan shekara 16 mai tsayi da gudu da yake buga ƙwallon kwando zai iya bin wannan hanyar. Toh ni gashin ƙashi ne aikina, 'yan wasa nake dubawa, kuma na daɗe ina bin wasan jami'o'in Amurka, dan haka ta ɓangaren jiki zan fi tsayawa saboda a nan ne labarin yaron nan yake gaba ɗaya, jikinsa ne ya buɗe masa ƙofa kuma jikin ne ya tsayar da shi a bakin ƙofa ta gaba.

Da farko dan waɗanda ba su san wasan ba, ba irin tamaular da muke kallo a gidan kallo ba ce, ta fi kama da zari-ruga, mutum 11 kowane ɓangare, da hular kwano da sulke a kafaɗa. Akwai mai jefa ƙwallo da ake kira kwatabak, shi ne uwa da makarɓiya a ƙungiya, akwai ƙarti biyar a gabansa suna kare shi. Aikin Ojabo shi ne ya taso daga gefe ya kewaye ko ya ture ƙaton da ke gabansa, wanda sau da yawa ya kai kilo 140, ya kayar da kwatabak kafin ya saki ƙwallon, kuma yawanci lokacin da yake da shi bai wuce daƙiƙa 3 ba. Bayan kwatabak wannan gurbin yana cikin waɗanda aka fi biya da tsada. Abin da nake so ka riƙe shi ne duk aikin a kan takun farko yake, wannan zaburar da mutum zai yi daga tsaye cak, kuma daga dunduniya da sha-raɓa take fitowa.

An haife shi a watan Mayun 2000, iyayensa suka koma Aberdeen a Sikotland a 2007, can ya taso yana buga tamaula da kwando kamar kowane yaro. Yana ɗan shekara 15 ya tafi Amurka shi kaɗai, makarantar kwana ta Blair Academy a jihar New Jersey, kuma burin kwando ne ya kai shi, dan makarantar ta yi suna a nan, Luol Deng ɗan Sudan ta Kudu da ya yi shekaru a NBA a can ya yi karatu. A makarantar akwai wani yaro da ke gaba da shi da aji ɗaya, Odafe Oweh, iyayensa 'yan Najeriya ne amma shi a Amurka aka haife shi, shi ma kwando ya je yi sai aka ja shi ƙwallon Amurka, kan ka ce kwabo jami'o'i sun cika makarantar suna zawarcinsa har ya tafi Penn State. Ojabo ya ga haka, ya duba ya ga ai ƙirarsu ɗaya gudunsu kusan ɗaya, sai ya je wajen koci ya ce shi ma zai gwada. A kakar 2017 ya fara, a lokacin ko dokokin wasan bai gama sani ba. A 2018 kuma ya ci tseren mita 100 na makarantu masu zaman kansu na jihar a daƙiƙa 10.93. Yanzu ka tsaya ka kalli wannan lambar da kyau, dan ɗan tsere siriri mai kilo 70 ya yi 10.93 ba labari ba ne, amma yaro mai tsayi sama da santimita 190 da nauyi sama da kilo 100 ya yi wannan gudun, toh wannan ba a samunsa ko ina, kuma ita ce amsar rabin tambayarka.

Saboda masu neman 'yan wasa na jami'a, a wannan gurbin musamman, ba ƙwarewa suke saye ba, jiki suke saye. Kamar mai sayen maraƙi ne dan kiwo, ba naman da ke jikinsa yau yake kallo ba, ƙashi da faɗin ƙirji yake kallo, ya san abinci da lokaci za su cike sauran. Koci zai gaya maka yadda ake amfani da hannu da yadda ake karanta wasa shi zai koyar a shekara biyu, amma tsawon hannu da gudu da lanƙwasar ƙugu Allah ne ke bayarwa. Shi ya sa yaran da suka fito daga wani wasan daban suke burge su, tamaula tana ba da saurin ƙafa da iya juyawa, kwando tana ba da tsalle da sanin yadda ake kewaye mutum, tsere kuma yana ba da lamba da aka auna da na'ura wadda ba a iya ƙarya a kanta. Kuma Ojabo ba shi ya fara ba. Christian Okoye ɗan Inugu jifan faifai ya kai shi jami'ar Azusa Pacific, yana da shekara 23 ya fara wasan, a 1989 shi ya fi kowa gudu da ƙwallo a NFL. Ezekiel Ansah ɗan Gana ya je jami'ar BYU karatu, ya gwada kwando ba a ɗauke shi ba, ya shiga tsere, a 2010 ya fara wasan, a 2013 shi ne na 5 da aka zaɓa. Shi kansa Oweh a kakarsa ta ƙarshe a Penn State, 2020, ko sau ɗaya bai kayar da kwatabak ba, amma da ya yi gudun yadi 40 a ƙasa da daƙiƙa 4.4 sai ƙungiyar Baltimore Ravens ta NFL suka ɗauke shi na 31 a zagayen farko.

Yadda zawarcin yake tafiya kuwa, akwai kamfanoni irin su 247Sports da Rivals da ESPN da suke ba yaran sakandare tauraro, biyar shi ne ƙololuwa kuma 'yan tsiraru ne ke samu a shekara, Ojabo huɗu ya samu. Kociyoyi suna kallon bidiyon wasa, suna kiran kocin makaranta, suna gayyatar yaro sansanin atisaye na bazara su auna shi da kansu, sai su yi masa tayin tallafin karatu, da zarar babbar jami'a ɗaya ta yi tayi sauran sai su biyo baya dan kowa na tsoron kar a riga shi. Haka Ojabo ya tara tayi sama da 30 bayan kaka ɗaya tak, har da Ohio State da Notre Dame da Penn State, a watan Yulin 2018 ya ce Michigan zai je.

Amma nan akwai abin da mutane da yawa ba su gane ba, tayi ba kwantiragi ba ne, kuma alkawarin baki da yaro ya yi shi ma ba kwantiragi ba ne, sai ranar da aka sa hannu a takarda, wadda tun 2017 aka buɗe damar yinta a watan Disamba. Kafin ranar kowa na iya janyewa, kuma jami'o'i suna yin tayi ga yara ninkin ba ninkin guraben da suke da su. Misalin da ya fi zama min a rai shi ne Michael Penix Jr., kwatabak ɗan Florida, ya yi wa Tennessee alkawari tun farkon 2017, a watan Nuwamba aka kori koci Butch Jones, sababbin da suka zo ba su da ra'ayinsa, ana saura kwanaki a sa hannu yaro ya tsinci kansa ba gurbi, dole ya karkata zuwa Indiana wadda a lokacin ba a lissafa ta cikin manya a wasan. Bai yi laifin komai ba, bai ji rauni ba a lokacin, koci ne kawai ya canza. Ni a ganina wannan rashin adalci ne ga yaro ɗan shekara 17 da ya rufe ƙofofinsa saboda maganar manya, amma haka tsarin yake kuma duk mai shiga gara ya sani.

Mu koma Michigan. Shekarar farko, 2019, bai buga ko wasa ɗaya ba, kuma da ma an tsara haka ne. Dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, a lokacin ta ba ɗan wasa shekara 5 ya buga kaka 4, dan haka akan ajiye yaro shekara guda yana atisaye yana ɗaga ƙarfe yana koyon wasa ba tare da an cinye masa kaka ba, tun 2018 ma yana iya buga har wasa 4 a shekarar ajiyar. A 2020 korona ta zo, ya je gida Sikotland hutu sai dokar hana shiga Amurka ta ritsa da shi, ya yi watanni a can yana atisaye shi kaɗai, da ya dawo kakar ma gajera ce, wasa 6 Michigan ta buga ta ci 2 kacal, shi kuma ɗan abin da ya buga bai taka kara ya karya ba. Wato shekara biyu a jami'a babu wanda ya san sunansa in ba 'yan garin Ann Arbor inda jami'ar take ba. Sai abubuwa biyu suka haɗu a 2021. Kwity Paye da ke riƙe da gurbin, wanda shi ma a sansanin 'yan gudun hijira a Gini aka haife shi, ya tafi NFL. Sannan babban kocin Michigan na lokacin, Jim Harbaugh, ya ɗauko sabon kocin tsaron baya, Mike Macdonald, daga Ravens wajen yayansa John Harbaugh, shi kuma ya zo da tsarin da mai tasowa daga gefe yake tsayawa a tsaye can waje maimakon ya durƙusa da hannu a ƙasa yana kokawa da ƙarti a tsakiya, wanda shi ne daidai da yaro mai gudu da bai gama ƙwarewa ba. Ga kuma Aidan Hutchinson a ɗaya gefen yana jan hankalin masu karewa. A kakar nan Ojabo ya kayar da kwatabak sau 11, ya fizge ƙwallo daga hannun abokan karawa sau 5 wanda ba a taɓa yi ba a tarihin jami'ar a kaka ɗaya, Hutchinson kuma ya yi 14. Ranar 27 ga Nuwamba suka doke Ohio State 42 da 27 cikin dusar ƙanƙara a filinsu mai cin mutum sama da 107,000, rabon da su ci wannan wasan tun 2011, suka ɗauki kofin Big Ten, wato gasar rukunin jami'o'in da suke ciki, sai Georgia ta fitar da su daga gasar kofin ƙasa 34 da 11 a ranar ƙarshe ta shekara. A wasan Georgia ɗin an ga inda yake da rauni, in aka zo da gudu kai tsaye ta gefensa ana iya ture shi, kuma duk masu sa ido sun rubuta haka.

Dokar NFL ita ce sai ka yi shekara 3 da gama sakandare kafin ka shiga zaɓe, ya cika, sai ya bar sauran kakanninsa ya shiga. A farkon Maris 2022 a taron gwaji na Indianapolis ya yi yadi 40, wato wajen mita 36 da rabi, a daƙiƙa 4.55 da nauyin kilo 113, yawancin masu hasashe suka sa shi a tsakiyar zagayen farko. Bayan wannan taron kowace jami'a tana shirya nata ranar gwajin a gida, ta Michigan ta kama 18 ga Maris. Yana wani atisaye ne na ja da baya a juya a kama ƙwallo, ba wanda ya taɓa shi, ba karo ba komai, ya dasa ƙafar hagu zai zabura sai ya zube yana riƙe da ƙafar. Bidiyon ya zagaya sosai a lokacin kuma abin da ya ɓata wa mutane rai shi ne yadda aka ga wani ya je ya ɗauki ƙwallon ana shirin ci gaba yaro yana kwance, ni ma wallahi ya taɓa min zuciya, dan a daƙiƙun nan ka ga yadda kasuwar take kallonsa.

Agara ita ce jijiyar da ta haɗa naman sha-raɓa da ƙashin dunduniya, ita ce mafi kauri da ƙarfi a jikin mutum, kuma in mutum ya zabura da gudu tana ɗaukar nauyi ninkin nauyin jikinsa sau da yawa. Yawanci tana tsinkewa ne santimita 2 zuwa 6 sama da inda ta manne da dunduniya saboda wajen jini bai cika isa ba, kuma yanayin da take tsinkewa kusan kullum iri ɗaya ne, ƙafa tana baya, dunduniya tana sauka ƙasa jijiyar tana miƙewa, a daidai lokacin kuma naman yana fizga da ƙarfi dan a tura jiki gaba. Duk wanda ya zo mana da ita abu ɗaya yake faɗa, ya ji kamar an harbe shi da ƙafa ta baya, har ya waiga ya ga waye, wasu kuma sun ji ƙara. Gwajin farko ba ya buƙatar na'ura, a kwantar da mutum rub da ciki a matsa sha-raɓar, in tafin ƙafar bai motsa ba toh ta rabu. Ga ɗan wasa irin wannan tiyata ake yi a ɗinke, sai takalmin gyara mai tudun dunduniya na makonni ana rage tudun a hankali, sai koyon taka ƙafa, sai ɗaga dunduniya da ƙafa biyu, sai da ƙafa ɗaya, gudu a miƙe sai bayan watanni, juyawa da zabura su ne ƙarshe. Abin da muka fi tsoro ba wai ta ƙi haɗewa ba ne, tana haɗewa, tsoron shi ne ta warke da ɗan ƙarin tsayi, dan in ta saki ko kaɗan ne naman ba zai ƙara ja da ƙarfin da ba, ga shi kuma sha-raɓar tana motsewa sosai a lokacin jinya ta daɗe ba ta cika ba. Mai aikin ofis ba zai ma lura ba, zai yi tafiyarsa ya hau bene lafiya lau. Amma mutumin da abincinsa yake a kan takun farko, ɗan abin da ya ragu shi ne bambancin ya taɓa kwatabak ko ya iso ƙwallo ta riga ta tafi. An saba cewa wata 9 zuwa shekara, akwai irin su Cam Akers na Rams da ta tsinke masa a Yulin 2021 ya dawo a Janairun 2022, amma dawowa fili daban, dawowar zabura daban, ita takan kai kaka ta biyu.

Yanzu ga abin da zai nuna maka yadda ƙungiyoyi suke lissafi. A wannan zaɓen dai na 2022 akwai Jameson Williams na Alabama, jijiyar cikin gwiwa da ake kira ACL ta tsinke masa a wasan ƙarshe na ƙasa a watan Janairu, amma duk da haka Detroit suka ɗauke shi na 12. Ojabo kuma ya zauna daren farko gaba ɗaya ba a kira shi ba, sai washegari Ravens suka ɗauke shi na 45. Dalili biyu nake gani. Na ɗaya likitocin ƙungiyoyi sun fi sakin jiki da ACL, an yi tiyatarta ba adadi an san yadda take ƙarewa, agara kuwa ga mai zabura har yanzu ana ɗari-ɗari da ita, ko a 2017 Sidney Jones na Washington a ranar gwajin jami'arsu ta tsinke masa ya faɗo daga zagayen farko zuwa na 43. Na biyu kuma wanda ya fi muhimmanci, Ojabo ɗanye ne, kaka ɗaya tak ya buga sosai, abin da ya fi buƙata a duniya shi ne atisaye da maimaici, raunin kuma shekarar koyon ya cinye masa sukutum. Ka ga abin da ya sa aka so shi tun farko, wato jiki ba tare da gogewa ba, shi ne ya sa faɗuwar ta yi tsanani da jikin ya samu matsala, babu wani tarin ƙwarewa da zai jingina da shi. Su ma Ravens da suka ɗauke shi ba a makance ba ne, Macdonald ya riga ya koma can a matsayin kocin tsaron baya, John Harbaugh na iya ɗaga waya ya tambayi ƙaninsa halin yaron, ga Oweh abokinsa na sakandare a ƙungiyar.

Maganar kuɗi kuwa, albashin sababbin 'yan wasa a ƙayyade yake gwargwadon lambar da aka zaɓe ka. Kyle Hamilton da Ravens ɗin suka ɗauka na 14 a shekarar ya samu sama da dala miliyan 16 a shekara 4 kuma duka tabbatattu ne ko ya ji rauni, Ojabo a na 45 kusan miliyan 8, kuma ba duka ne tabbatattu ba. Wajen rabi kenan ya tafi a taku ɗaya. Akwai inshorar faɗuwar daraja da manyan 'yan wasan jami'a ke saye saboda irin wannan, Jake Butt na Michigan ɗin dai da gwiwarsa ta tsinke a wasansa na ƙarshe a Disamban 2016 ya faɗo zagaye na 5 ya karɓi wani abu daga irin wannan inshorar, amma ba ta cike giɓin duka kuma sharuɗɗanta suna da tsauri. Irin waɗannan raunukan ne suka sa tun daga 2016 manyan 'yan wasa irin su Christian McCaffrey suka fara ƙin buga wasan ƙarshen kaka da ba na kofi ba, ana zaginsu da son kai, ni kam ban taɓa ganin laifinsu ba.

Ya dawo fili a Disamban 2022, wata 9 bayan raunin, ya buga wasa 2, a na ƙarshen kaka ya kayar da kwatabak Joe Burrow har ya fizge ƙwallon. A wasan farko na 2023 ya sake yin haka ga C.J. Stroud, mutane suka ce toh ga shi nan ya dawo, sai a mako na 3 ya ji rauni a gwiwa da idon sawu, ashe ACL ta ɗan yage, aka yi masa tiyata kakar ta tafi. Wasa 5 kenan a shekara biyu. Ba lallai raunin farko ne ya jawo na biyu ba, amma abin da muke gani a aiki shi ne wanda ya dawo daga doguwar jinya jikinsa yakan karkatar da nauyi zuwa wasu gaɓoɓin ba tare da ya sani ba, shi ya sa ba ma sallamar ɗan wasa da kalanda, sai mun auna ƙarfin ƙafafu biyun mun ga sun yi kusa da juna. A 2024 ya samu lafiya ya buga wasanni da dama amma sau 2 ya kayar da kwatabak kuma bai zama ɗan sahun farko ba.

Ka haɗa shi da Penix da na ambata. Shi sau 4 a jere rauni yana katse masa kaka a Indiana, ACL a 2018, mahaɗar ƙashin wuya da ƙirji a 2019, ACL ta gwiwar dai a 2020, kafaɗa a 2021, in a takarda ne ya fi Ojabo lalacewa nesa ba kusa ba. Amma nasa duk a cikin jami'a suka same shi, yana da sauran kakanni, ya koma Washington wajen Kalen DeBoer da ya taɓa horar da shi a Indiana, ya buga kaka biyu cur lafiya, ya jefa yadi 4,903 a 2023, ya zo na biyu a kyautar Heisman da ake ba gwarzon ɗan wasan jami'a na shekara, Atlanta suka ɗauke shi na 8 a 2024. Ya samu lokacin da zai nuna ya warke kafin a yi masa farashi. Ojabo kuwa saura mako 6 a yi zaɓe, ya riga ya bar jami'a, ba hanyar komawa. A cikin jami'a ma akwai ɗan rufin asiri, manyan jami'o'i tun wajen 2015 ba sa iya ƙwace tallafin karatu saboda rauni ko rashin ƙoƙari a fili, in likita ya ce ba za ka ƙara wasa ba kana iya ci gaba da karatunka kyauta, kuma daga Agustan 2024 NCAA ta sa inshorar jinya ta shekara 2 bayan an gama wasa.

Sai batun ƙaninka, Allah ya raya shi. Gaskiyar magana matakin da ya fi wuya a labarin Ojabo ba Michigan ba ne, Blair ne, wato kasancewarsa a makarantar Amurka inda kociyoyi za su zo su gan shi da idonsu, babu jami'ar da za ta ba da gurbi saboda hoton tsayi da aka turo ta WhatsApp. Hanyoyin da suke na gaske ga yaro daga nan su ne makarantar kwana a can, wadda tsadarta ba kaɗan ba ce sai in an samu tallafi, ko NFL Academy da ke Loughborough a Ingila mai ɗaukar 'yan shekara 16 zuwa 19, ta nan Emmanuel Okoye ya bi daga Najeriya ya samu Tennessee a 2023 bayan an gano shi a sansanin da tsohon ɗan wasan NFL Osi Umenyiora ya shirya. Duk dillalin da ya ce a ba shi kuɗi zai samo tayin jami'a ku guje shi, jami'a ba ta sayar da tayi. Karatu kuma ba a ɗaga ƙafa, NCAA tana da ofishin da ke tantance takardun sakandare, darussa 16 take nema da matsakaicin maki 2.3 a ma'auninsu, kuma in aka daɗe da gama sakandare ba a shiga jami'a ba ana iya rasa kaka, dan haka kar a taɓa shekarun haihuwarsa a takarda ko da wasa. Ku kuma sani kuɗin talla da aka halatta wa 'yan wasan jami'a tun Yulin 2021, da albashin da jami'o'i suka fara biya a 2025, ɗalibin da ke kan bizar karatu ba ya cin moriyarsu kai tsaye kamar ɗan ƙasa saboda bizar ta taƙaita aiki. Cikin 'yan wasan jami'a ma waɗanda ke isa NFL ba su kai 2 cikin 100 ba, saboda haka digirin shi ne abin da ya kamata ku sa a gaba a lissafin.

A yanzu dai kar ya bar kwando, ya ƙara da tsere, ku kai shi inda ake gasar guje-guje ta jiha a auna masa mita 100 da tsalle a hukumance ba da agogon waya ba, a ɗauki bidiyon wasanninsa cikakku. Ya riƙa ɗaga dunduniya da ƙafa ɗaya a bakin matakala yana sauka a hankali, ya daina tsalle a kan siminti da takalmin da ya mutu, kuma in ya fara jin agararsa ta sandare da safe ko tana ciwo bayan wasa kar a ce a sha magani a ci gaba, a kai shi a duba. Duk raunin da ya ji ku ajiye takardar asibiti da hoton da aka ɗauka, dan a can likitocin jami'a za su tambaya tun ranar da ya isa, kuma a gwajin Indianapolis gaɓa bayan gaɓa suke bi har da na'urar MRI, tsohon raunin da aka ɓoye yana fitowa a hoto.